Mai Riƙe wa Baba Igiya

Shekarar da na ci bak, jarrabawar da ake rufe karatun lise, wato sakandare, da ita, takardu biyu suka same ni a cikin mako guda. Ɗaya daga jami'ar da ke nan garinmu Damagaram, sun ɗauke ni karatun lantarki. Ɗayar daga Yamai, karatun ruwa da haƙar rijiyoyin inji, waɗanda muke ce wa foraj. Ko wacce na bi, injiniya zan fito. 'Yan unguwa suka yi ta shigowa barka, ana cewa yaron nan yana da goshi. Ni kaɗai na san gaba kura ce baya siyaki, domin akwai igiyar Baba a tsakani.

Babana yasar rijiya yake yi. Idan rijiya ta cika da laka da yashi ta daina ba da ruwa, shi ake kira ya sauka ya kwashe. Sana'ar gidanmu ce tun kakanninmu da suka zo daga Barno, kuma da rani ba ya zama: yau yana lambunan Mirriya, gobe ƙauyukan Dogo. Rijiya mai zurfi ba a saukarta haka kawai. Ana ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a gitta gungume a bakin rijiyar igiyar ta bi ta kansa, mutum ɗaya ya riƙe ta a gaba, ma'aikatan lambu su jeru bayansa don ja. Na gaban nan shi ne mai igiya, kuma a gidanmu ba a ba bare ita. Tun ina shekara goma sha biyar ni nake riƙe wa Baba. Saboda karatuna ya mai da masu zurfin ranakun Asabar da Lahadi, sauran ranakun ya yi gajerun da ake sauka da ƙafa. Bai taɓa cewa don ni ya yi hakan ba.

Ba zai ce ba, don ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya tambayi duk wanda ke kusa, "Ina yaron nan?" ko da ina tsaye a gabansa. In na ci jarrabawa ba yabo, in na kwanta zazzaɓi ba ya leƙowa ɗaki, sai dai in ji takunsa a tsakar gida yana kai da kawo. Iya ma ta fi shi kawar da kai. Kunya ce, kowa ya san haka ake yi wa ɗan fari, ban kuma taɓa jin ta kashe wani a unguwarmu ba. Amma ni mai zuciya kusa ne, abin yana cina. Mutum guda ke kiran sunana da ƙarfi a gidan, ita ce Kaka, uwar Baba, ita ma rabin kiran na tsiya ne.

Maganarmu da Baba a igiya take. Ya ja sau ɗaya, a sako guga. Ya ja sau biyu, guga ya cika a ɗauke. Ya ja sau uku, a fito da shi. Dokar sana'ar kuwa ita ce ba a jan mutum sai ya ja ukun nan da hannunsa. Na sama bai san halin da na ƙasa yake ciki ba, yana iya fizgarsa ya buga shi da bango, ko ya kwance masa dutse a ka. Ban da haka ma raini ne, kamar ka ce masa ya gaza. Kafin a sauka kuma ana zura fitila a kunne. In ta kai ƙasa tana ci, iska lafiya lau. In ta mutu, a bar rijiyar ta sha iska. Baba ya yarda da fitilar nan fiye da yadda ya yarda da mutane da yawa.

Yana da wata waƙa ta Barebari da yake yi a can ƙasa, ya gaje ta wurin ubansa. Ban san ma'anarta ba, ina zargin shi ma rabinta ya sani. Ba murya gare shi ba, amma rijiya takan gyara murya. Da ita yake auna aikinsa, ni ma da ita nake sanin ya sunkuya ko ya miƙe.

Abin ya sauya ne da masu lambu suka samu injin ban ruwa mai shan fetur. Kafin Baba ya sauka sai su zura injin cikin rijiyar da igiya ya zuƙe ruwan, domin daga sama ba ya iya jawowa. In sun fitar da shi, hayaƙinsa ya riga ya kwanta a ƙasa. Fitila ba ruwanta da wannan hayaƙin, ci take abinta.

Ranar farko da hayaƙin ya kama shi a wani lambu ne kusa da Dogo. Baba ya cika guga wajen takwas, sai na ji waƙar tana jan ƙafa, kamar ta mai gyangyaɗi. Daga nan ta tsaya. Na jira ja uku, shiru. Igiyar ta yi nauyi a hannuna, irin nauyin da ban saba ji ba. Na juya na ce wa mutanen bayana su ja. Ɗaya ya ce, "Ai bai ja uku ba." Na daka masa tsawa, ni da ban kai ɗansa ba, suka ja. Baba ya fito kansa a langaɓe, leɓensa ya yi wani irin ja. Ya yi amai a gindin mangwaro, ya kwanta har inuwa ta juya. Da ya farfaɗo sosai sai ya dubi mai lambun ya ce, "Yaran yanzu ba su da haƙuri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Muka hau mota muka komo gida, ba wanda ya ji labarin.

Ta biyun a Mirriya ce, 'yan makonni kafin jarrabawata. Wannan karon ban jira waƙar ta tsaya ba, tana fara jan ƙafa na sa aka ja. Ya fito yana tangaɗi, ya zauna, ya sha ruwa. Bai ce ba ni da haƙuri ba. A nan na gane cewa Baba ba zai taɓa jan ukun nan ba in hayaƙi ya kama shi, ko don hayaƙin yana sace hankalin mutum kafin ya ankara, ko don girman kai, ko duka biyun. Ya san na sani, na san ya sani, muka rufe zancen.

Da takardun suka zo, na ajiye su a kan tabarmarsa ta zaure, gefen carbinsa. Baba ba ya karatun boko. Na ga ya ɗauke su ya nufi gidan maƙwabcinmu, wani tsohon mushe, malamin boko da ya bar koyarwa, ya daɗe a can. Ya dawo ya mai da su inda ya same su, ya ɗora dutse a kai don iska. Kwana bakwai suna nan.

Zuciyata tana Yamai, ba zan yi ƙarya ba. Wanda ya tashi a Damagaram ya san ƙishi. Gari ne a kan dutse, famfo yakan yi kwanaki yana huci ba ɗigo, ka tashi da jarkoki kana bin 'yan garuwa kana lallashi. Tun ina ƙarami na yi rantsuwa cewa sai na koyi huda ƙasa da inji, yadda ba ɗan Adam da zai sake shiga rami da igiya a ƙugu. Lantarki bai taɓa burge ni ba. Amma jami'ar garinmu da keke zan je, in dawo in ci tuwon Iya, Asabar da Lahadi kuma igiya tana hannuna. Kalma ɗaya nake jira daga Baba. Da ya ce zauna, da na zauna ina gunaguni, amma da na zauna.

Kaka ce ta fara taɓo zancen, ina wanke mata buta.

"Mijina, an ce Yamai za ka. In ka auro Bazabarma ka sani ni na sake ka, ba kai ka sake ni ba."

"Wa ya ce miki zan tafi? Tsohuwa sai kin ga bayana za ki huta?"

"To me za ka zauna yi? Ka ƙare mini goro?"

Na ce mata ta bar wasa ta tambayo mini ɗanta. Ta dube ni, dariyar ta bar fuskarta, ta ce za ta tambaya. Washegari ta kawo amsa: "Ubanka ya ce shi bai san takarda ba. Wanda ya san takarda shi ya san hanyarta."

Raina ya ɓaci. Na fita zaure na same shi yana ɗinkin guga, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kansa na yi masa magana kai tsaye.

"Baba, wacce zan ɗauka? In na tafi, wa zai riƙe maka igiya?"

Bai ɗago ba. Ya ja zaren ya ɗaure, sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida inda Kaka take tsaye, ya ce mata, "Ki gaya wa yaron nan na aika Damagaram Takaya, ƙanena zai dawo nan da zama. Igiya ba ta rasa mai riƙo ba tun kafin a haife shi."

Ashe ya riga ya aika tun ranar da mushe ya karanta masa takardun. Yau da na girma na san abin da ya yi: hanya ya share mini, ta yadda ya iya. A ranar kuwa ji na yi kamar ya ce shekara huɗun da na yi ina riƙe ransa a tafin hannuna aikin kowa ne. Na sunkuya na zare takardar Yamai daga ƙarƙashin dutsen, na bar ɗayar. Da fushi na zaɓa, duk da dai abin da nake so na zaɓa. Har yau ban iya raba biyun ba.

Baffa ya iso daga Damagaram Takaya, wani gari dabam da namu, ana saura kwana uku in tafi. Ƙanen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai tsantseni, shi ma ya tsufa a bakin rijiya. Ana gobe tafiyata da hantsi na same su a zaure su biyu, Baffa yana bin igiya taku taku yana duba inda ta ci, Baba yana gefe yana wasa bakin magirbi. Na durƙusa na gaishe su. Maganar tana bakina, na kwana ina shirya ta: in waƙar ta fara jan ƙafa, a ja, kada a jira uku.

Na ce, "Baffa, wannan igiyar, akwai abin da nake lura da shi in Baba yana ƙasa."

Baffa ya yi murmushi bai bar abin da yake ba. "Ɗan lakwal, ɗan boko, na riƙe wa ubanka igiya tun ba a kai kayan auren uwarka ba. Kai dai je ka karanto mana injin."

Baba bai ɗago ba, amma dutsen wasan ya tsaya a hannunsa. Na ga haka. In na ƙarasa maganar, na faɗa a gaban ƙanensa cewa sau biyu ina fito da shi kamar buhu, cewa ya fara gazawa, kuma ni ɗansa na fari ni ne shaida. Na kuma koya wa babba riƙon igiya. Bakina ya ƙi. Na ce, "Haka ne, Baffa. Allah ya taimaka." Dutsen ya ci gaba da tafiya a kan ƙarfen.

Na ce wa kaina zan kira Baffa a waya in na isa, shi kaɗai, ba a gaban Baba ba. Lokacin damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, aikin yasa sai rani, akwai lokaci. Na isa Yamai, karatu ya rufe ni. Ina son karatun nan, wannan ma sai na faɗa. Karo na farko a rayuwata malamai suna kiran sunana a gaban mutane suna cewa na yi daidai. Duk Juma'a ina kiran gida, Kaka ta karɓe wayar ta yi mini tsiyar Zabarmawa, Iya ta ce a gaya mini in riƙa cin abinci. Sau biyu na kira Baffa. Muka gaisa, ya gida, ya karatu, ya zafi, na ji nauyin in ɗauko zancen daga sama, na ce sai wani jiƙon. Har a aji an koya mana sunan iskar da ke cikin hayaƙin inji, wadda ba ta da wari ba ta kashe fitila. Na rubuta a littafi na ja layi a ƙarƙashi. Na ce in na je hutu zan zauna da su in yi musu bayani a matsayin abin da aka koya mana, ba wanda zai ji kunya. Dabara ce mai kyau, hutun ne ya yi nisa.

Wata Asabar cikin tsakiyar rani, bayan azahar, mushe maƙwabcinmu ya kira ni. Ya ce Baba yana asibiti, yana da rai, in taho. Yini guda cur mota take yi daga Yamai zuwa Damagaram, ban tuna komai na hanyar ba sai ƙishi.

Baba ya kwana huɗu bai san inda yake ba. Likita ya ce ya daɗe a cikin hayaƙin, ƙwaƙwalwa ta taɓu, abin da zai dawo zai dawo, sauran sai haƙuri. Na sami Baffa a gindin bishiyar bedi a harabar asibitin, ya rame cikin kwana biyu. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Na zura fitila, wallahi na zura, ta kai ƙasa tana ci. Ya yi guga shida. Sai waƙar ta tsaya, na ce hutawa yake. Na jira ya ja. Na jira. Na kira shi bai amsa ba, na ce ko bai ji ba ne. Da na ga abin ya yi yawa na sa aka ja."

Ya share fuska da hularsa, sannan ya tambaye ni, "Kai da kake riƙe masa, bai taɓa yi maka haka ba?"

Da na ce a'a, da ya tafi kabarinsa yana ganin laifinsa ne shi kaɗai. Na gaya masa. Na Dogo, na Mirriya, waƙar da ke jan ƙafa, har abin da na zo faɗa a zaure na haɗiye. Na so ya mare ni. Ya ce, "Allah ya riga ya rubuta," ya tashi ya tafi alwala. Bai sake taɓa igiya ba, ya koma Damagaram Takaya yana noma. Muna gaisawa in an haɗu a suna ko jana'iza, amma tun ranar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba.

Na ce ba zan koma Yamai ba, zan nemi waccan takardar in har ana iya tashinta. Kaka ta hana. Ba wasa a bakinta ranar. Ta ce, "Da na sani ƙeya ce. Yanzu zamanka me zai riƙe? Igiyar ta riga ta ƙare. Tashi ka tafi, kada ya zama an yi biyu babu." Na koma na gama. Yau foraj nake haƙawa a ƙauyukan da Baba ya yi yasa, kuma duk rijiyar da na ga za a sauka, ina tsayawa in yi wa mutane faɗa a kan injin nan, manya da yara, ba na jin nauyin kowa. Suna cewa injiniyan nan ba shi da kunya.

Baba ya tashi, yana tafiya da sanda, yana cin abinci da kansa. Waƙar ta tafi. Kunyar ma ta tafi tare da ita. Yanzu yana zaune a zaure yini guda yana kiran sunana, sunan nan da na yi shekara goma sha tara ina jiran in ji a bakinsa. Yana kiransa a gaban baƙi, a gaban Iya, da ƙarfi, har maƙwabta sun saba. In na dawo daga aiki na durƙusa na ce, "Na'am, Baba, ga ni," sai ya dube ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni ko na san yaron. In ce na san shi.

Sai ya matso, ya rage murya, ya ce, "Yana Yamai, injiniya zai zama. Kada ka gaya masa na faɗi a rijiya. Ku bar shi ya yi karatunsa."

In ce masa to, ba zan gaya masa ba.